Ranar Ajiye Diga

Ina goyon fari aka fara yankan hanyar mota ta bayan ƙauyenmu, a ƙasar Bebeji. Hanyar ta miƙe kudu, aka ce sai ta dangana da duwatsun Doguwa. Ni a lokacin ban taɓa wuce Yako ba, garin iyayena. Abin da na sani kawai, duk inda hanyar ta bi sai a fitar da maza, su ɗauki diga da shebur da kwanon sarki, su wuni suna haƙa da jidar tsakuwa, ba a biyan su, abinci ma daga gida muke aika musu.

Maigidana manomi ne, da rani kuma yana rini. Hannuwansa har gwiwar hannu sun rine da shuni, ko da toka ya wanke ba ya fita. Daminar da ta gabata an fitar da su gyaran wata kwalbati daidai lokacin noman firi, kafin su dawo ciyawa ta shaƙe mana gero. Shi ya sa tun rani bai raba ba, in zai ɗebo mini hatsi sai ya shige cikin rumbu gaba ɗaya. Ina tsaye a ƙasa da ƙwarya ina jin ƙarar ƙafarsa a kan daɓen rumbun, ƙarar da ban taɓa ji a gidan babanmu ba. Yarinyata kuwa ta fara rarrafe, nono ya fara yi mata kaɗan.

Wani tela ne ya kawo maganar. Ɗan ƙasarmu ne, ya yi shekaru a Birni ya dawo da keken ɗinki da bakin magana. Ran kasuwa sai maza su taru a rumfarsa kamar masu jiran ɗinki. Aka ce abin sirri ne, har an dafa Alƙur'ani ba za a gaya wa mata ba. Kafin kasuwa ta zagayo duk matan unguwarmu mun sani, don mijin maƙwabciyata ba ya iya haɗiye magana, ita kuma ba ta iya daka shiru.

Shawarar da suka yanke ita ce, mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su haɗu rana ɗaya a babban zangon aikin hanya, kowa da digarsa, su zube su a gaban helma, shugaban masu aikin, su ce sun gama. Telan ya ce in aka taru da yawa ba wanda za a taɓa, don igiyar 'yan doka ba za ta isa kowa ba.

Ranar da na nuna wa maigida na sani, ina ba shi ruwan alwala ne. Na ce, "Maigida, in sauran ba su zo ba fa?"

Ya dube ni ya ce, "Su wa? Wa ya gaya miki wani abu?"

"Turmi ne ya gaya mini."

Ya yi dariya, ya ce, "Ke dai komai sai kin hango masa rami. Za su zo. Sun rantse."

Daga ranar wannan tambaya ta zauna mini a ƙirji. In ina kaɗi tana nan, in ina shayar da yarinya tana nan. Ban san siyasa ba, karatuna bai wuce na sallah ba. Abin da na gane shi ne, in mutane suka cika zangon nan zai dawo gida, in ba su cika ba za a tafi da shi, a bar ni da jaririya da tsohuwar surukata da rumbun da ake jin ƙarar ƙafa a cikinsa.

Cikin ranin nan matar yayana ta haihu, na tafi suna Yako. A can na fara jin yadda maganar take a bakin wasu. Ina cikin gida ina taya su tuƙin tuwo, maza suna zaure, amma katangar kara ce. Na ji yayana yana cewa, "Mu ba ƙi muka yi ba. Amma don me kullum sai dai mu mu taka zuwa rumfar Bebeji? Su ƙafarsu ciwo take yi? Kuma telan nan ko kunya ɗaya bai taɓa ja ba, shi zai gaya mana ciwon manomi?" Wani ya ce shi dai a biya shi ladan aikinsa ya ishe shi, hanya ai alheri ce, gyaɗarsa za ta kai kasuwa. Wani ya ce shi ko an biya ba ya so. Da aka zo kan cewa telan yana so har dagatai a daina gadonsu, a riƙa zaɓe, sai wani dattijo ya yi salati ya ce, "To ni a cire ni. Dagacinmu surukina ne, da wane ido zan dubi 'yata?"

Ƙanwar innarmu ta zo sunan daga Burumburum, tana aure cikin makiyaya. Na tambaye ta a hankali ko nasu mazan suna ciki. Ta ce, "'Yar nan, an zo an same su. Suka ce su ba diga ce ta dame su ba, jangali ne da burtalin da ake nomewa. Suka ce a haɗa da wannan. Manoman suka ce sai sun fara hana shanu shiga gonaki tukuna. Nan aka tashi, ko furar da aka dama musu ba su shanye ba." Ta ce na Doguwa kuwa cewa suke ba a tuna da su sai in ana neman yawan kawuna.

Na dawo gida na kwashe duka na gaya wa maigida. Ya ce zancen zaure ne, ranar da aka sa kowa zai manta da nasa.

Sai dai ranar ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Da fari an sa ta tsakiyar rani, lokacin da ba kowa a gona. Aka ɗaga, don ba a daidaita kan wanda zai yi magana a gaban helma ba, kowane gari yana son nasa. Aka sake sawa, aka sake ɗagawa, wai wani babban mutum zai zo daga Birni da mota da wanda ya san shari'a, a jira shi. Ana cikin jiransa azumi ya kama. Aka ce ba a tara mutane cikin rana da ƙishirwa, a bari sai bayan Sallah.

Cikin azumin nan ne kawun maigida ya zo. Tsohon soja ne, ya yi yaƙi a Habasha ya dawo yana ɗingishi. Da la'asar suna zaune a inuwar zaure suna jiran faɗuwar rana, ni ina bayan zana ina gyaran gero. Kawun ya ce, "Kai, ina jin kuna wani abu da telan nan."

Maigida ya kau da kai kamar bai ji ba.

"Kada ka wahalar da kanka, har kurma ya ji. Bari in gaya maka wani abu. Da yaƙi ya lafa an ba mu tsaron fursunoni 'yan Italiya. Mutanen nan sun iya hanya, in suka jera dutse ko wuƙa ba ta shiga. Akwai wani mai furfura a cikinsu, muna hira da shi da guntun Turancin bariki da hannu. Ya ce mini ƙasarsu zamanin kakanninsa ba ƙasa ɗaya ba ce, gutsuttsura ce. Nan da sarkinsa, can da sarkinsa, tsakiya a hannun babban limaminsu, arewa kuma wasu baƙi masu ƙarfi sun danne. Sai samari masu karatu suka riƙa rantsuwa a ɓoye za su haɗa ta."

Maigida ya ce, "Ka gani ko, Kawu? Ba mu muka fara ba."

"Tsaya mana in kai aya. Wannan gari ya tashi bana, a murƙushe shi, maƙwabcinsa yana kallo. Baɗi shi ma ya tashi, a murƙushe shi. Ko shekarar da suka tashi kusan tare, kowa da abin da yake so. Wannan yana son sarki, wannan ya ce ba sarki, wancan ya ce limamin ya shugabance su. Manomansu kuwa ba wanda ya zauna ya gaya musu me za su samu, suka ci gaba da nomansu. Kuma kullum ana jiran wani daga waje ya zo ya taimaka."

"To amma ai ka ce yanzu ƙasa ɗaya ce."

"Ƙasa ɗaya ce. Sai da wani sarkinsu mai soja ya shiga da ƙarfinsa, bayan shekaru. Kai wane sarki ne a bayanka? Kuma na farkon nan da aka rataye, da waɗanda suka tsufa a kurkuku, ban tambaye shi wa ya ciyar da matansu ba."

Maigida ya ce, "Kawu, to mu zauna ke nan har mu mutu da kwanon sarki a ka?"

Tsohon ya ce, "Wannan kuma ban sani ba. Wallahi ban sani ba." Aka kira sallah suka tashi.

Bayan Sallah aka tsayar da rana, aka ce wannan karon ko sama za ta faɗo ba ɗagawa. Kwanakin nan zafi ya yi tsanani, kullum da yamma hadari yana haɗuwa ta kudu, baƙi ƙirin, mu kuwa ko ɗigo. Can wajen duwatsu ruwa yana riga mu sauka, kowa ya san haka. Masu jakuna da suka zo daga Tudun Wada suka ce can tuni an sha ruwa, ana ta shuka, ta Doguwa har ta tsiro. Sai muka ji an yi ruwa wajen Kiru. Ana gobe ranar, bayan azahar, namu ya sauko. Ruwa ne na gaske, irin wanda in ka tura hannu cikin ƙasa laima take wuce tsintsiyar hannu. Mata suna guɗa, yara suna tsalle cikin taɓo. Ni ina tsaye bakin ɗaki da yarinya a kafaɗa ina kallonsa.

Wanda bai yi noma ba ba zai gane ba. Ruwan shuka in ya sauka ba a ce masa gobe. Laimar ba ta daɗewa a jigawa irin tamu, rana ɗaya mai zafi ta ishe ta. Wanda ya shuka a ruwan fari geronsa shi ke fara nuna, shi ke fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina. Ranar shuka ko makoki ne a gari gaisuwa a tsaitsaye ake yi.

Da gari ya waye unguwa ta fashe, maza da sungumi, mata da yara da ƙoƙon iri. Maigida ya fito tsakar gida. Sunguminsa yana jingine da rumbu, na riga na jiƙa masa ƙotar tun jiya, na ware iri a ƙwarya na ajiye inda zai gani. Ya wuce su ya ɗauki diga.

Surukata ta fito daga ɗaki ba ko ɗankwali. Ta ce, "Auta, ina za ka? Ka dubi ƙasar nan. Ka dubi matarka da 'yarka."

Ya ce, "Inna, na dafa Alƙur'ani."

Mijin maƙwabciyata yana wucewa da sungumi a kafaɗa, ya leƙo ta kan zana ya ce, "Ni ma na dafa, mai shuni. Na tambayi malam jiya, ya ce rantsuwa tana da kaffara, in yi azumi. Na ce to shuka fa, tana da kaffara? Ya ce bai gani a littafi ba. Taho mu tafi gona, a sa wata ranar."

"An ce ba ɗagawa."

"Wa ya ce? Mai keken ɗinki? Shi ruwa da rani duk ɗaya ne a wurinsa, yana cikin rumfa."

Ni na san in na buɗe baki kuka zan yi, kuma ba a yi wa mai fita kuka. Na riƙe bakin rigarsa kawai. Ya cire hannuna a hankali ya ce, "Kafin azahar na dawo, mu shuka ko gefen tsamiya ne." Kawu ya bi bayansa da sanda yana ɗingishi, ya ce shi ba ya ciki, kallo zai je.

Muka tafi gona ni da Inna. Ina sara da sungumin da ya fi ƙarfina, tana bi tana zuba iri tana rufewa da diddige, yarinya tana bayana tana kuka. Kowace gona cike da mutane, tamu mu biyu. Duk sara ɗaya sai na ɗaga kai na dubi hanya. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Abin da muka shuka bai fi shimfiɗar tabarmi kaɗan ba. Sai ga Kawu shi kaɗai.

Ya zauna a kan kunya ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Ya ce waɗanda suka je ba za su cika zaure ɗaya ba. Yawancinsu teloli ne da masu tireda da wani mai gyaran keke, manoma 'yan kaɗan. Daga Tudun Wada mutum biyu, su ma kasuwanci ya kawo su. Daga Doguwa ba kowa, daga Yako ba kowa. Motar Birni ba ta zo ba. Daga baya wasu suka ce rafi ne ya cika ya tare ta, wasu suka ce ba ta ma taso ba, har yau ban san gaskiya ba. Ya ce sun jira har rana ta take, wasu suka sulale. Telan, in ba shi haƙƙinsa, bai gudu ba. Shi ya fara ajiye digar da ya aro, ya yi maganarsa har ƙarshe. Sauran suka ajiye nasu. Helman ya dube su ya ce, "Ku ke nan?" Ya aika aka kira 'yan doka. Igiya ɗaya ta ishe su, har da saura.

Inna ta ce, "Ka gan shi da idonka?"

"Na gan shi. Daga nesa ma hannuwansa ake fara gani."

Washegari ƙasa ta bushe. Aka yi musu shari'a, aka yi musu bulala, aka tsare su. Telan ya fi kowa daɗewa. Kwanakin nan nonona ya ragu sosai, nake dama wa yarinya koko tsararo tana turewa. In na wuce gonakin mutane na ga gero ya fito layi-layi sai in kau da kai. Ran kasuwa kuwa maƙwabciyata ta dawo da labari kala-kala. Na Bebeji suna cewa na Kiru sun ci amana. Na Kiru suna cewa na Bebeji ne suka yi ta ɗaga rana har ta faɗa damina. Na kudu suna cewa da an tambaye su da sun faɗi lokacin da ruwansu ke sauka, amma wa ya tambaye su? Rumfar telan aka ba wani mai sayar da gishiri.

Da ruwa na biyu ya sauka, da sassafe na ji sallama a ƙofar gida. Yayana ne, da mazan Yako a bayansa, kowa da sungumi, har da mai ganga. Gayya suka kawo mana, ba wanda ya roƙe su. Sun zo da irinsu, sun zo da dawar da za a yi musu tuwo, don sun san halin rumbunmu. Na tsaya ina kallonsu suna shiga gona, sun jeru daga wannan iyaka zuwa waccan. Sun fi waɗanda Kawu ya ce sun je zango yawa nesa ba kusa ba.

Da na kai musu abinci na ajiye a gaban yayana, na durƙusa na gaishe shi, sai bakina ya kufce. Na ce, "Yaya, da haka kuka taru ran nan, da yanzu shi ke shuka gonarsa."

Yayana ya wanke hannu, bai dube ni ba, ya ce, "Ran nan ruwa ya kwana a gonata, ƙanwata. Ina da baki nawa a gida, kin sani. In na tafi aka kama ni, wa zai zo miki yau?"

Wani daga gefe ya ce, "Kuma da a Yako aka ce a taru..."

Yayana ya ce, "Kai, rufe mana baki, ci tuwonka."

Na koma gindin tsamiya na zauna na juya musu baya. Ina jin haushinsu, ina kuma jin daɗin ƙarar sungumansu, na rasa wanne zan riƙe. Kafin la'asar sun gama gonar duka. Da lokacin noman firi ya yi suka sake dawowa.

Gero ya kai gwiwa aka sako maigida. Ya rame, ba ya iya jingina da bango. Yarinyar ta fara tafiya ba ya nan, da ya miƙa mata hannu sai ta ruga ta ɓuya a zanina. Da ya huta ya zagaya gona, ya dawo ya tsaya a kaina ina tankaɗe.

"Wa ya yi aikin nan?"

Na ce, "Yaya ne, da mutanen Yako."

A al'adarmu wanda aka yi wa gayya shi ke takawa da ƙafarsa ya bi gida-gida ya yi godiya, ba a aike. Inna ta tuna masa, ya ce ya ji. Kwana ya bi kwana bai tafi ba. Ta sake tuna masa, ta ce mutane sun fara magana. Wata safiya ya sa babbar riga a kan bayan nan da bai warke ba, ya ƙulle goro a ganye, ya kama hanyar Yako.

Wunin nan ma ban iya komai ba. Na san zuciyarsa, na san bakin mutanen garinmu. Ina ta ganin ya faɗi wata magana, an mayar masa, zumunci ya tsinke, ni ina tsakiya. Na ɗora tukunya na manta ban sa wuta ba.

Rana ta yi sanyi ya shigo. Na karɓi rigar, ta manne da bayansa, sai da na jiƙa ta da ruwan ɗumi ta saki. Na ce, "Yaya kuka yi?"

"Na yi godiya."

"Gida-gida?"

"Gida-gida. Har wanda muka dafa Alƙur'ani tare da shi hannu a kan hannu."

"Me suka ce?"

"Suka ce ba komai, ai yi wa kai ne."

Ya kwanta rubda ciki a kan tabarma, ya juya fuskarsa bango. Na ɗauko man kaɗe na zauna kusa da shi na fara shafa masa.